Akwatin Makulli a Ƙofar Tsoho: Izinin Shiga da Amanar Lambar Sirri a Aikin Kulawa na Gida a Ingila

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ɗan akwatin ƙarfen nan da ake kafawa a bangon gidajen tsofaffi da naƙasassu a Ingila, a ajiye makullin ƙofa a ciki, domin ma'aikatan kulawa su buɗe su shiga ba sai mai gida ya taso ba. Ta bi asalin akwatin, da lissafin lambobinsa, da dokokin da suka shafe shi, da yadda lambar sirrinsa ke yawo a hannun mutane. Matsayarta ita ce, ranar da aka kafa akwatin mai gida ya miƙa wa wasu ikon da ya fi kowane iko kusa da shi, wato ikon cewa "shigo". Don haka ya kamata a ɗauki miƙawar da nauyin da ake ɗaukar maganin da ake ba shi: da yardarsa, a rubuce, ana waiwayarta, kuma yana iya janyewa.

1.0 Gabatarwa



Wanda ya zaga unguwannin garuruwan Ingila yana lura da bangon gidaje zai riƙa ganin wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai fi tafin hannu da yawa ba, a gefen ƙofa ko a bayan bututun ruwan sama. Makullin gidan ne a ciki. A jikinsa akwai madannai, ko zobban lambobi da ake murzawa, duk wanda ya san lambar ya buɗe ya ɗauka. A mafi yawan lokaci, ganin akwatin nan alama ce cewa akwai wani a cikin gidan da zuwa bakin ƙofa ya fara yi masa wuya.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum miliyan 11 a Ingila da Wales sun kai shekara 65 ko sun haura, kashi 18.6 cikin ɗari ke nan na al'umma. A faɗin Birtaniya, waɗanda ke zaune su kaɗai a cikin masu waɗannan shekaru sun zarce miliyan 4. Manufar hukuma kuwa, wadda Dokar Kulawa ta 2014 ta ƙarfafa, ita ce mutum ya ci gaba da zama a gidansa muddin hakan zai yiwu, ma'aikaci ya riƙa zuwa yana taimaka masa. Wanda buƙatarsa ta yi nauyi akan je masa sau huɗu a yini: da safe a tashe shi a yi masa wanka a ba shi magani, da rana abinci, da yamma abinci da magani, da dare a kwantar da shi. Kowane zuwa da ƙofa yake farawa.

Batun ya shafe mu kai tsaye ta fuska ɗaya. A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga ma'aikatan kulawa daga ƙasashen waje, 'yan Nijeriya kuma suna cikin al'ummomi uku da suka fi samunta, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe. An rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025, amma waɗanda suka riga suka tafi suna can, cikinsu har da masu jin Hausa. 'Yan'uwanmu ne ke tsayawa da asuba cikin sanyi suna danna waɗannan lambobi.

2.0 Matsalar ƙofa

Kafin akwatin ya yaɗu, dabarun da ake yi sanannu ne. Wasu su bar ƙofa a buɗe yini guda. Wasu su sa makulli ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa ko tukunyar fure, wasu su ɗaure shi da zare su rataye a bayan ramin jefa wasiƙu, wuraren da kowane ɓarawo yake fara dubawa. Wasu su bar wa maƙwabci, shi kuma yana da nasa harkokin. Kamfanonin kulawa ma sun daɗe suna riƙe damin makullai a ofis: ma'aikaci ya je ya sa hannu ya karɓa, ya zaga gidaje, ya koma ya mayar. Idan makulli ɗaya ne kuma ma'aikata uku ke zuwa gidan a yini, sai an yi kwafe, kowane kwafi kuma ƙarin abin ɓata ne.

Sai faɗuwa. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin lafiya da kulawa a Ingila, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka haura 65, da rabin waɗanda suka haura 80, suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Likitocin tsofaffi sun fi jin tsoron daɗewa a ƙasa fiye da faɗuwar kanta, domin wanda ya wuce awa guda a kwance a daɓe yana fuskantar sanyin jiki, da ƙishirwa, da gyambon kwanciya, da lalacewar tsoka mai taɓa ƙoda. Tsofaffi da yawa suna rataye da maɓallin neman agaji a wuya ko a hannu. Amma in an danna, mai agaji ya iso ya tarar da ƙofa a kulle, me aka yi? Doka ta ba 'yan sanda ikon fasa ƙofa don ceton rai a sashe na 17 na dokar aikinsu ta 1984, ta ba 'yan kwana-kwana irinsa a sashe na 44 na dokarsu ta 2004. Sai dai jiran su lokaci ne, sannan a wuce da tsohon asibiti a bar gida da ɓallalliyar ƙofa.

Asibitoci ma suna da tasu matsalar. A hunturun 2022 zuwa 2023, gadaje sama da 12,000 a kowace rana a Ingila suna ɗauke da marasa lafiyar da likita ya gama da su amma ba a sallame su ba, da yawansu don ba a kammala shirin kula da su a gida ba. A irin wannan matsi, kafa akwatin makulli yakan shiga jerin abubuwan da ake so a gama kafin sallama, tare da gado da kujerar bayan gida. Ba ni da ja a kan amfaninsa: akwatin yana ceton rai, yana rage wahala, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Damuwata ita ce a wannan gaggawar ake yanke shawarar, a matsayin aikin kafinta, alhali mai gidan yana kan gadon asibiti, wani lokaci ma bai san an yi ba.

3.0 Asali, ƙarfe da lissafi

Ba don tsofaffi aka ƙirƙiro akwatin ba. Dillalan gidaje na Amurka ne suka yaɗa shi, kamfanin Supra na jihar Oregon kuma ya yi suna da shi tun shekarun 1950. Buƙatar dillali ita ce ya shiga gidan da aka sa a kasuwa ya nuna wa mai saye ba tare da neman mai shi ba. Kayan aiki ne da aka tsara don gidan da babu kowa a ciki, ko wanda mai shi ya fita. Aikin kulawa ya ɗauko shi ya kafa a gidan da ke da mutum a ciki, mai rauni, wataƙila yana barci, wataƙila ba sutura a jikinsa. Duk abin da zan faɗa daga nan daga wannan giɓi ya taso.

Ta fuskar ƙarfe, akwai ma'auni biyu da ake dubawa a Birtaniya. Ɗaya shi ne LPS 1175, na hukumar gwaji ta LPCB. Ɗayan kuma tambarin Secured by Design, shirin 'yan sanda da aka fara a 1989. Samfurin Supra C500 ya shahara a wurin ƙananan hukumomi da kamfanonin kulawa saboda ya sami duka biyun. Yana da kyau a san abin da shaidar ke nufi: matakin farko na LPS 1175 yana tabbatar da cewa abu ya jure minti ɗaya na farmaki da ƙananan kayan hannu. Minti ɗaya na bugu da hayaniya a bakin titi ba ƙaramin abu ba ne ga ɓarawo, amma ba alkawarin gagara ba ne. Shaidar kuma tana aiki ne kawai idan an kafa akwatin yadda aka gwada shi, a jikin jan bulo ko kankare, da kusoshinsa na asali. Wanda aka ɗaura a katako, ko a layin simintin da ke tsakanin bulo, ana iya ɓamɓare shi ɗungurungum a tafi da shi a fasa a natse.

Lissafin lambobin ya fi ƙarfen ban tsoro, kuma shi ne aka fi jahilta. A yawancin akwatuna masu madannai waɗanda ba sa amfani da lantarki, kowane madanni sau ɗaya yake shiga lamba, kuma jerin dannawa ba ya da tasiri: 1, 3, 8, 9 daidai yake da 9, 8, 3, 1. Akwati mai madannai goma yana da haɗi 1,024 gaba ɗaya, mai goma sha biyu kamar C500 yana da 4,096. Amma wannan jimilla ce ta kowane tsawo. Mutane sun saba da lamba huɗu saboda katin banki, kuma zaɓen huɗu daga goma ba tare da jeri ba hanya 210 ce kacal. In kowane gwaji na cin daƙiƙa biyar, ƙasa da minti 18 an gama su duka. Zaɓen huɗu daga goma sha biyu 495 ne, biyar 792, shida 924, bakwai kuma ya sake saukowa 792. Ke nan lamba shida ce mafi ƙarfi a irin wannan akwati, ƙari a kanta ragi ne.

Sannan ga ɗabi'ar ɗan'adam. Iyali sukan zaɓi abin da ba za a manta ba: lambar gida, ko shekarar haihuwar tsohon. Mu ɗauki shekarun 1930 zuwa 1949. In aka cire masu maimaita lamba, irin su 1933 da 1944, saura 14, kuma 1934 da 1943 abu ɗaya ne a wurin akwatin, saura 13. Wanda ya ga tsohuwa ta taga ya ƙiyasta shekarunta, gwaji goma sha uku ya ishe shi. Madannan da aka daɗe ana dannawa kuma sukan goge ko su yi datti daban da sauran, su tona lambar da kansu.

4.0 Lambar a hannun mutane

A ce an sayi akwati mai kyau, an kafa shi daidai, an zaɓi lamba shida. Yanzu wa ya san ta?

Ma'aikatan safe da na rana da na dare, da masu maye gurbinsu a ƙarshen mako. Mai tsara jadawali a ofis. Nas mai zuwa wanke ciwo. Cibiyar da ke amsa maɓallin agaji. Wataƙila hukumar motar asibiti, domin wasunsu suna karɓar lambar su ajiye a bayanan adireshi. Mai kawo abinci, mai shara, 'ya'ya da jikoki, da maƙwabciyar da aka gaya wa don ko-ta-kwana. Makullin ƙarfe in an ba mutum ana iya karɓewa. Lamba kuwa in ta shiga kai ta shiga, babu mai ƙwato ta, abin da kawai za a iya shi ne a sauya ta a sake sanar da kowa. Wannan wahalar sanarwa ita ce dalilin da ya sa lambobi ke shekaru ba a taɓa su ba.

A nan ne yanayin aikin kansa ya shigo. Ƙungiyar Skills for Care, mai tattara alƙaluman ma'aikatan wannan fanni a Ingila, ta ƙirga guraben aiki 165,000 da babu kowa a kansu a shekarar 2021 zuwa 2022, kuma a shekarar da ta biyo baya sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata sun bar wurin aikinsu. Ƙa'idar NICE ta 2015 kan kulawa a gida ta nemi a riƙa tura wa mutum ma'aikatan da ya saba da su. Inda ake fama da ƙarancin hannu, wannan yakan gagara, sai baƙuwar fuska ta riƙa buɗe ƙofa. Kowane ma'aikaci da ya bar kamfani ya tafi da lambobin gidajen da ya yi wa aiki. Mafi yawansu mutanen kirki ne da ba za su sake tunawa da su ba. Amma tsarin tsaro ba a gina shi a kan mafi yawa.

Binciken tarihin ma'aikaci da hukumar DBS ke yi tun kafa ta a 2012 yana tace wanda aka taɓa kamawa da laifi ko aka haramta wa aikin. Ba ya cewa komai game da takardar jadawalin da aka manta a kujerar mota, adireshi da lamba a layi ɗaya, ko saƙon WhatsApp da aka tura wa abokin aiki cikin sauri ya zauna a wayar da yara ke wasa da ita a gida. Lamba haɗe da adireshi bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2018, kuma kamfanin da irin wannan ya kuɓuce masa ta hanyar da za ta jefa mutum cikin haɗari wajibi ne ya sanar da ICO, hukumar kare bayanai, cikin awa 72. A ganina wannan nau'in bayani ya fi sauran nauyi. In bayanin ciwon mutum ya fita an ci mutuncinsa, in lambar ƙofarsa ta fita an buɗe ɗakin kwanansa. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne kada lamba da adireshi su taɓa haɗuwa a takarda ɗaya, ma'aikaci ya ga lambar a manhajar kamfani a lokacin zuwansa kawai, ta ɓace bayan ya fita.

Akwai kuma batun inshora, wanda iyalai ba sa tunawa sai ta faru. Yarjejeniyoyin inshorar gida da dama suna gindaya sharaɗin a ga alamar fasawa kafin a biya asarar sata. Wanda ya buɗe akwati ya ɗauki makulli ya shiga bai fasa komai ba. Hanyar kauce wa jayayya ita ce a sanar da kamfanin inshora kafin a kafa, a karɓi amsarsa a rubuce.

5.0 Yarda, da kulle mutum a ciki

Sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, wadda dokar 1998 ta shigar cikin dokokin Birtaniya, ya kare gidan mutum da rayuwarsa ta sirri. Ƙa'idojin 2014 da hukumar CQC ke auna kamfanonin kulawa da su sun wajabta mutuntawa a ƙa'ida ta 10, da neman yarda a ta 11. Saboda haka tsohon da hankalinsa ke daidai yana da ikon cewa ba ya son akwati a bangonsa, ko da 'ya'yansa da nas da jami'in walwala duk sun ga hakan kuskure ne. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta faɗi wannan ƙarara: ana ɗaukar mutum mai hankali ne sai an tabbatar da akasi, kuma yanke shawarar da wasu ke gani ta wauta ba hujjar rashin hankali ba ce. In ciwon mantuwa ya kai shi ga kasa fahimtar batun, sai a yanke masa bisa maslaharsa, a tuntuɓi makusantansa, a tuna abin da ya saba so, a zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi.

Yarda kuma ba dunƙule take ba. Wanda ya yarda ma'aikaciyar safe ta buɗe ta shiga, bai yarda ɗan ƙaninsa ya shigo da tsakar dare neman wurin kwana ba. Wadda ta yarda a yi amfani da akwati ranar da ƙafa ta hana ta tashi, tana iya son a ƙwanƙwasa a jira ta a ranar da ta ji sauƙi, domin tafiyar nan zuwa ƙofa motsa jiki ce, kuma ita ce shaidar da ta rage mata cewa gidan nata ne. Ma'aikacin da aka ba minti talatin, ga wani gida na jira, zai fi son ya danna lamba ya wuce. Da haka abin da aka kafa don ranar larura yake zama na kullum.

Ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali shi ne fita. Ma'aikaci ya gama aikin dare, ya ja ƙofa ya kulle daga waje, ya mayar da makulli akwati. In na ciki yana da nasa makullin kuma yana iya kaiwa gare shi, ko ƙofar tana da abin murzawa daga ciki, ba matsala. In ba haka ba, an kulle mutum ke nan har safiya. Gobara ba ta jiran ma'aikacin safe. Wani lokaci kuma da gangan ake yi, iyali su roƙi a kulle mai ciwon mantuwa don kada ya fita ya ɓata. Tsoronsu gaskiya ne, amma doka ba ta bar wannan a hannun iyali da kamfani ba. A shari'ar Cheshire West ta 2014, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wanda ake sa wa ido ana juya shi a kowane lokaci, kuma ba shi da 'yancin fita, an tauye masa 'yanci ko da niyyar alheri ce. Tsarin ba da izinin irin wannan tauyewa da aka fara a 2009 na asibitoci ne da gidajen kula da tsofaffi. A gidan mutum na kansa, sai an je Kotun Kariya. Ma'aikacin da aka ce wa "ka kulle shi in za ka tafi" ya cancanci ya san wannan, ya kuma sami wanda zai kai wa magana.

Akwai kishiyar wannan ma. Tsoho ya sa sakata ko sarƙa daga ciki, ko ya bar makullinsa a jikin ƙofa, na waje ya ƙi shiga. A irin makullan da suka fi yawa a ƙofofin zamani wannan yakan faru, sai akwatin ya tashi a banza a daren da aka fi buƙatarsa. Magana ce ta minti biyu ranar kafawa, in akwai wanda ya zauna ya yi ta da mai gidan.

6.0 Ladabin shiga

Mu da muka tashi a gidajen da ke da zaure mun san cewa tsakanin titi da tsakar gida akwai wurin tsayawa, inda baƙo zai yi sallama ya jira a amsa. Aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur ma a kan neman izinin shiga gidan wani suka sauka. Akwatin makulli yana share wannan tsayawar, ya kai baƙo daga titi zuwa bakin gado kai tsaye. Tunda ginin bai tanadi wurin jira ba, sai ma'aikaci ya tanade shi da halinsa: ya danna ƙararrawa ko ya ƙwanƙwasa kafin ya taɓa akwati, ya buɗe ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da inda ya fito, ya kira mai gida da sunan da ya zaɓa a kira shi, ya saurara. A ƙofar ɗakin kwana ya sake. Ga kurma, a yi yarjejeniyar wata alama, kamar kunna fitilar baranda. Ga mai ciwon mantuwa, wanda kowace safiya zai iya ɗaukar ma'aikaci ɓarawo, shiga a hankali ta inda zai gan ka tun daga nesa shi ne bambancin yini mai daɗi da yinin firgici.

Binciken da hukumar daidaito da haƙƙin ɗan'adam ta Birtaniya ta fitar a 2011 kan kula da tsofaffi a gida ya nuna cewa ƙananan abubuwan rashin mutuntawa, masu maimaituwa kullum, suna cin ran mutane ƙwarai. Ladabin shiga yana cikin waɗannan. Ba ya cin kuɗi, amma yana cin minti ɗaya ko biyu, kuma kamfanin da ya cushe jadawali ba tare da lissafin waɗannan mintoci ba shi ne ya hana, ba ma'aikacin ba.

7.0 Ma'aikaci da zargi

Ranar da zobe ko kuɗi ya ɓata a gidan da ke da akwati, ido kan ma'aikaci yake fara sauka. Mutum ashirin sun san lambar, amma shi ne sunansa ke rubuce a littafin zuwa. Akwati na ƙarfe zalla ba ya riƙe tarihin wanda ya buɗe shi, don haka ba ya kama mai laifi, ba ya kuma wanke marar laifi. Sashe na 42 na Dokar Kulawa ya ɗora wa ƙaramar hukuma binciken zargin cutar da mai rauni, kuma daidai ne a bincika. Amma a dubi matsayin wanda ya zo da biza: zamansa a ƙasar ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauke shi, in aikin ya ƙare akan ba shi kwana 60 ya sami wani ko ya fita. Zargin da ɗan ƙasa zai jure har a wanke shi, shi yana iya raba shi da komai. Sauya lamba a kan kari da taƙaita masu saninta kariya ce gare shi kamar yadda take ga mai gida.

8.0 Makullan lantarki

Ƙananan hukumomi da yawa a Suwidin da Denmak sun bi wata hanya. Ana ɗaura na'ura a jikin makullin ƙofa daga ciki, ma'aikaci ya buɗe da wayar aiki, kowa da nasa izinin, kowace buɗewa da suna da lokaci. Wanda ya bar aiki a soke nasa daga ofis, ba sai an taɓa na kowa ba. Babu kuma akwati a bango da zai sanar da masu wucewa cewa mai rauni ne a ciki. Wannan ya magance mafi yawan abin da na zayyana a sashe na huɗu da na bakwai. Bai magance na biyar da na shida ba ko kaɗan. Ya kuma zo da nasa: batir, da tsada, da ƙofofin da na'urar ba ta dace da su ba, da mai agajin gaggawa wanda wayarsa ba ta cikin tsarin. A waɗancan ƙasashe ƙaramar hukuma ce ke riƙe da akasarin aikin, a Ingila kuwa dubban kamfanoni masu zaman kansu ne, kowanne da manhajarsa. Akwatin ƙarfe zai daɗe a bangon Ingila.

9.0 Ranar da kulawa ta ƙare

Ana kafa akwati a rubuta shi a takardu, amma ba safai ake rubuta ranar cire shi ba. Tsoho ya warke, ko a sauya kamfani, ko a mayar da shi gidan kula da tsofaffi, ko Allah ya yi masa rasuwa. Kamfani ya rufe fayil ya ɗauka iyali za su kula, iyali suna cikin jimami sun ɗauka kamfani ya yi, ƙaramar hukumar da ta biya kuɗin kafawa tuni ta wuce wurin. Gida ya zauna makonni ba kowa, kaya a ciki, makulli a bango, lambar kuma ita ce ta ranar farko.

Shawarata ita ce takardar tsarin kulawa ta kowane mutum ta ƙunshi shafi guda na shiga gida, a cike shi tare da mai gidan kafin a huda bango. A rubuta waɗanda aka yarda su san lambar da dalilin kowanne, da lokutan da za a buɗe da akwati da waɗanda za a jira a buɗe, da yadda za a bar ƙofa in an fita da yadda na ciki zai kuɓuta in wuta ta tashi. A rubuta abubuwan da ke wajabta sauya lamba: tafiyar ma'aikaci, ɓatan waya ko takarda, zargin sata, sauyin kamfani, da cikar wani wa'adi ko da ba abin da ya faru. A ƙasan shafin a sa sunan mutum ɗaya, ba sunan ofis ba, wanda zai je ya cire makullin a ranar zuwa na ƙarshe, ya damƙa shi hannun mai gida ko magajinsa, a sa hannu.